Na Rungume Albasa A Jirgi, Takarduna Suka Kwana A Sakkwato

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru ba a daɗe da yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato ba, ni kuma na gama sakandare ina zaune a gidanmu, wani ƙauye kusa da Maiyama. Ni mutum ne mara yawan magana. Idan baƙi suka zo, nakan gaishe su in sulale bayan rumbu da littafina. Abu biyu aka san ni da su, karatu da tsari. Duk littattafaina na yi musu riga da takardar siminti, ko kasuwar Jega ba na shiga sai na rubuta abin da zan saya. Don haka ban taɓa zaton wajen shirya kaya zan yi kuskuren da ya kusa raba ni da karatuna ba.

Na nemi gurbin karatu a ƙasar waje, aka kira ni ganawa a Legas ranar wata Laraba da safe. Wasiƙar ta yi makonni a akwatin gidan waya na kawuna a Jega, domin lokacin cire albasa ne, bai samu leƙawa ba. Sai ranar Litinin ta iso hannuna. A ciki an ja layi ƙarƙashin jimla ɗaya: wanda bai zo da wasiƙar da takardun shaidarsa na asali ba, ba za a saurare shi ba. Kawu ya duba kwanakin ya ce ba zai dogara da mota ba, gobe zai kai ni Sakkwato in hau jirgin sama. A duk danginmu, in ban da waɗanda suka je aikin Hajji, babu wanda ya taɓa hawansa.

Na shirya kayana yadda muka saba idan za mu makarantar kwana. A wurinmu, wuri mafi aminci a tafiya shi ne ƙasan akwatin ƙarfe, saboda a bayan mota a kansa kake zaune har ka sauka. Na naɗe wasiƙar da takardun a leda biyu, na shimfiɗa su can ƙasa, na jera littattafai a kansu, sannan tufafi da rigar sanyi. Har 'yar takardar da kawu ya rubuta mini adireshin abokinsa da zan sauka wurinsa, na saka ta cikin ƙamus don kada ta yamutse. Na kulle da kwaɗo, na rataya mabuɗin a wuya, ina jin daɗin kaina.

A hanya muka tsaya Aliero wurin gwaggona. Ta riga ta zaɓo manyan albasa masu sheƙi, ta cika wata jakar saƙa, tsarabar mai masauki. Na ce bari in buɗe akwati in yi musu wuri, ta riƙe hannuna. Ta ce ashe duk bokon nan ban san albasa ba ta son ƙarfe ba, idan aka rufe ta gumi take yi ta ruɓe, ta ɓata mini littattafai. Ta ce in riƙe ta a hannu ta sha iska, kada in bari kowa ya danne ta. Na ce to, Gwaggo.

A filin jirgi aka auna akwatina, aka ɗaura masa wata takarda, aka manna guntunta a jikin tikitina. Kafin in ankara an tura shi ta wata ƙofa. Na buɗe baki zan ce akwai abin da zan ɗauka, sai na ga layin mutane a bayana, kunya ta kama ni, na fasa. Haka na hau jirgi daga ni sai 'yar shara da jakar albasa.

Allah ya haɗa ni kujera da wani dattijo, Alhaji ɗan kasuwar goro, mutumin Jega mai zama a Agege. Ya shaƙi iska sau biyu, ya leƙa jakata, ya fashe da dariya. Ya ce shekara da shekaru yana ganin albasar Aliero na zuwa Legas a tirela, yau ga wadda ta samu kujerar taga. Tun daga nan ya sa mini suna Malam mai albasa. Da jirgi ya tashi sanyi ya rufe ni, rigar sanyina tana akwati, sai ya yafa mini rawaninsa. Kunnuwana suka toshe suna zugi, ya ɓare goro ya ce in tauna in riƙa haɗiye yawu, nan take suka buɗe. Daga nan na manne da taga. Na ga fadamu kamar tabarmi kore an shimfiɗa, na ga gajimare a ƙarƙashina, ni da ban taɓa hawa abin da ya fi bishiyar mangwaro tsawo ba. Ban san ina murmushi ba sai da Alhaji ya ce in rufe baki kada haƙorana su yi mura.

Murnar ta tsaya a Legas. Kowa ya ɗauki kayansa, akwatina babu shi. Wani ma'aikaci ya duba guntun takardar ya ce kaya sun yi wa jirgin yawa, an bar wasu a Sakkwato, sai jirgin gobe da rana. Ganawata kuwa gobe da safe ce. Na tsaya rungume da albasa, ba wasiƙa, ba takardu, ban ma san gidan da zan nufa ba. Alhaji ya tambaye ni ina takarduna, na ce suna akwati. Ina adireshin mai masauki, na ce yana akwati. Ya ce to ni me ya sa ban shiga akwatin ba, da an huta. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce in taho, ɗan Maiyama ba zai kwana a filin jirgi ba shi yana Legas.

Da safe ya ba ni aron kaftaninsa, wanda sai da na naɗe hannun sau uku. Ya karɓi tikitina ya ce shi zai je ya jira akwati, ni kuma in je ofishin ganawar in yi abin da na kasa yi a Sakkwato, wato in buɗe baki. Ya ce littafi ba zai yi mini magana ba yau. Na tarar da ɗalibai sun cika baranda, kowa da fayil a hammata. Sau uku ina zuwa bakin teburin sakatariya ina komawa. A na huɗu na yi bismilla na gaya mata komai, har da maganar albasar da ba ta tambaye ni ba. Ta rufe baki da hannu tana dariya, ta shiga ciki. Da ta fito ta ce an mayar da sunana na ƙarshe, amma ƙarfe huɗu masu ganawar za su tashi, da ni ko babu ni.

Ban taɓa kallon agogo kamar ranar ba. Ƙarfe uku ta wuce, saura mutum biyu a gabana, sai na ji muryar Alhaji daga matakala yana kiran Malam mai albasa, ɗan dako na biye da shi da akwatina a ka. Na durƙusa a tsakiyar baranda na buɗe kwaɗo, na dinga fitar da littattafai ina jerawa a ƙasa, Alhaji na gaya wa masu kallo su yi haƙuri, rijiya muke haƙa. Da na ɗago ledar takardun sai da wasu suka tafa. Na shiga ganawar da gumi da dariya a fuskata, kuma abin mamaki tsoron ya tafi, na amsa tambayoyinsu da murya a sake. Bayan watanni wasiƙa ta zo cewa na samu gurbin. A ranar nan gwaggona ta yi guɗa har muryarta ta dushe.

Na sha hawa jirgi bayan wannan, kuma har yau idan na tuna gabana kan faɗi kafin dariya ta zo, domin ba kowa ke dacewa da irin wannan dattijo ba. Kuskurena shi ne na shirya wa jirgi kaya da ilimin bayan mota, kuma da na ga abin zai ɓaci kunya ta hana ni magana. Ina jan kunnen duk mai shirin tafiya, musamman 'yan'uwana ɗalibai: ku nemi ƙaramar jaka wadda ba za ta rabu da jikinku ba. Ku saka takardunku da adireshin inda za ku, da biro, da maganin da kuke sha, da tufafi na canji ɗaya, da rigar sanyi, da ɗan abin taunawa saboda kunne. Sauran kaya ku miƙa su hankali kwance. Kafin ku saki babban akwati, ku tsaya ku tambayi kanku ko za ku iya yin abin da ya fito da ku daga gida idan bai iso ba sai jibi. Idan amsar a'a ce, ku buɗe shi nan take, ko mutum ɗari ne a bayanku.