Kwana Biyu da Cikina Ya Yi Shiru

Shekarun baya kaɗan, wata rana da hantsi a Gure, ina zaune bakin ɗaki ina tsince tsakuwa daga cikin kanwa, sai ya faɗo mini a rai cewa tun la'asar ɗin jiya abin da ke cikina bai motsa ba. Ba ciwo na ji ba, ba jini na gani ba. Shiru kawai. Shi kuwa da ma mafaɗaci ne, da na kurɓi ruwan randa sai ya harbe ni a haƙarƙari. Na tashi na shanye moɗa guda, na tsaya riƙe da bakin randa ina jira. Ba komai.

Sai na gaya muku yadda muke da mahaifiyata, in ba haka ba za ku ce wauta ce ta hana ni buɗe baki. To, da wautar ma a ciki.

Ni ce 'yar farinta. Kun san al'ada: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Wasu suna sassautawa, ita ba ta sassauta ba. Ina shekara shida kawuna, wanda ke tafinta a Damagaram, ya ɗauke ni riƙo ya sa ni lakwal, makarantar Nasara. Na yi karatu iyakar inda ake barin 'ya mace ta kai, na iya Faransanci, na iya lissafi da ɗinki, can kuma aka yi mini aure da wani akawu. Da cikina na fari ya shiga wata bakwai aka ɗora ni a raƙumi aka maido ni gida goyon ciki, wurin matar da ta haife ni, wadda rabona da kwana gida ɗaya da ita shekara goma sha uku.

Ba ta ce mini sannu da zuwa ba. Akuyarta ta duba, ta ce, "Baƙi sun sha hanya, ga fura can a ɗaki."

Haka muka zauna. In ban ci abinci ba sai ta ce wa turmi, "Wasu mutane sun raina tuwonmu, sun saba da na birni." In na daɗe a rana sai ta ce wa kaji, "Inuwa dai ba a sayenta." Ni ma ga tawa kunyar, ta cikin fari, wanda ba a ambatonsa ko da ya kai haɓa. Gida ɗaya, mata biyu, kowa ta san abin da ake jira, ba mai faɗa.

Amma hannunta bai san kunya ba. Ita da kanta ta kwaɓa laka ta gina gadon ƙasa a ɗakina, da kafar da za a zuba garwashi a ƙarƙashi. Ta samo ƙatuwar tukunyar wanka ta kife a gindin aduwa. Ta daka yaji, kimba da citta da masoro, har unguwa ta ɗauki atishawa. Ta wanke tsofaffin zannuwanta, waɗanda suka yi laushi, ta yayyaga ta ninke a kwando. Sai itace. Dangin mijina sun aiko da shi a kan jakuna kamar yadda ake yi, ta dube shi ta ce wa katanga, "Wannan ko kwana ashirin ba ya kaiwa." Wankan jego kwana arba'in ne safe da yamma, itace kuwa a Gure sai an taka rairayi an yi nisa. Kullum da sassafe sai ta fita, ta dawo da dami a ka, ta jera. Ni kuma ina daga ɗaki ina ƙirga damman ina rubutawa a kaye, littafin rubutuna, wai ni mai ilimi. Iyakar gudummawata ke nan.

Ranar da na lura da shirun, ilimin nan ne ya fi cutata. Matar mushe, wato malaminmu na lakwal, wadda ta koya mana ɗinki da tsabta, ta taɓa ce mana ɗa in ya mutu a ciki ba a fitar da shi ba, yakan tafi da uwarsa. Magana ɗaya ce ta faɗa tana gyara zare a allura, ta wuce. Ni kuwa ta zauna mini. Likita yana Damagaram, kwanaki a kan raƙumi. Ungozomar unguwarmu, wata tsohuwa Babarbariya wadda ita ta yanke mini cibiya, an zo an ɗauke ta zuwa wani kwari mai lambunan dabino, inda wata ke naƙuda. Saura ni da mahaifiyata.

Me zan ce mata? Da wane baki? Na ɗauki kaye na rubuta wa mijina takarda da Faransanci, shafi biyu, har da neman gafara da wasiyyar wanda za a bai wa keken ɗinkina. Ban san wa zai kai ta ba. Na ninke na tura ƙarƙashin tabarma. Na yi azahar, na yi la'asar, a kowace sujada ina kasa kunne ga cikina, ba ga abin da nake karantawa ba, Allah Ya yafe mini.

Washegari ma shiru. Na fito na zauna inda na saba. Na ji mahaifiyata ta turo ƙyaure, ta shigo da dami a ka, ƙafafunta fari fat da rairayi, zufa na bin wuyanta. Ta sauke, ta durƙusa tana jerawa. Ina kallon bayanta. Sai na ga duk wannan itacen, da tukunyar, da kwandon tsummoki, na ce a raina wataƙila ruwan wankan gawata za a dafa da shi. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ban iya dubanta ba, itacen na duba, yadda ita ta koya mini.

Na ce, "A daina tara ku haka nan. Wanda ake tarawa dominsa yau kwana biyu bai motsa ba."

Hannunta ya tsaya a kan wani reshe. Ba ta juyo ba. Sai ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta fita. Ko ruwa ba ta sha ba, ko takalmi ba ta sa ba.

Daga baya na ji kwarin nan tafiyar rabin yini ce a kan tuddan rairayi, ga ranar bazara. Ita ba ta taɓa ba ni labarin ba. Maƙwabciyarmu ce ta ce ta gan ta ta wuce rijiya tana sassarfa, an gaishe ta ba ta amsa ba.

Yanzu ina zaune a Damagaram, yaron yana can waje yana bin 'yan awaki, mahaifiyata kuwa damina biyu bayan wannan ta rasu, ban samu zuwa ba sai da aka yi kwana bakwai. Har yau in na ga mace da damin itace a ka sai in tsaya in bi ta da kallo. Na iya rubuta takarda ga kumandan, Baturen mulki, ba kuskure ko ɗaya, amma wata biyu da na yi a gidanta kafin ranar ban iya ce mata sannu da aiki ba. Na ɗauka ba ta magana da ni. Ashe kullum tana yi, ni ce ba a koya mini wannan karatun ba. Da za a ba ni hantsi ɗaya daga cikin waɗancan, ba abin da zan roƙa sai in tashi in kama mata damin nan ta sauke.

A ranar nan, rana ta yi sanyi, ana shirin kiran magariba, suka iso ita da ungozomar. Tsohuwar tana kan jakin aro, mahaifiyata na janye da shi. Tun daga ƙofa tsohuwar ta fara.

"Ina madam ɗin? An ce kin karance takardun Nasara duka, amma ba ki iya cewa wayyo ba?"

Na ce, "Iya, kunya na ji."

"Kunya. Ke da uwarki wata rana kunya za ta kashe ku, a rasa mai faɗa wa mutane kun mutu. Kwanta ta hagu."

Ta sa aka jiƙa dabino da ruwan ɗumi ta ba ni na sha. Ta shafa man shanu a tafinta, ta bi cikina tana lallatsawa, sama, gefe, ƙasa. Ta daɗe a ƙasan. Ta kara kunnenta, ta rufe ido. Mahaifiyata na tsaye bakin ƙofa, ta ba mu baya, wai tana kallon kaji.

"Mijin nan nawa ya juya, ya sa kai a hanya," in ji tsohuwar. "Wuri ya yi masa kaɗan, shi ya sa ya rage dambe. Amma ban yarda ba sai ya gaishe ni." Ta kama cikin da hannu biyu ta girgiza a hankali, ta sake girgizawa, sannan ta ɗaga murya ga mahaifiyata. "Ke, zo nan. Tafina ya mutu, ba na jin komai da shi. Kawo naki."

Mahaifiyata ta ce wa ƙyaure, "Wannan ba aikina ba ne."

"Tafiyar yini a rana aikin wa ce? Zo, kafin in faɗi abin da kika riƙa cewa a hanya."

Ta zo. Ta durƙusa. Na ga tafin ƙafarta duk ya kumbura ya yi ruwa. Tsohuwar ta kama hannunta ta ɗora a ƙasan haƙarƙarina ta danne. Hannun da kaushi, da zafi. Tun ina shekara shida bai taɓa jikina ba. Muka jira mu uku, har na fara jin ladan daga nesa.

Sai ya harba. Ba da ƙarfi ba, kamar mai barci da aka dama. Ya ƙara.

Tsohuwar ta goge hannu a zane ta ce, "To, ga shi. Rago ne kawai, irin ubansa akawu. A ci gaba da tara itace."

Mahaifiyata ba ta ɗauke hannunta ba. Ba ta dubi akuya ba, ba ta dubi katanga ba. Ni ta duba, cikin ido, ta ce, "Yana nan. Ke ma ba inda za ki, kin ji ko?"

Na ce, "Na ji, Inna."