Anti Saiti da Jariran Kilo Arba'in

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin kwamfutocin kwalejin koyon aikin lafiya. Ta ɗage labule, ta kunna kwamfutoci talatin, sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana buɗe manhajar ƙididdiga. Wa ya mayar da ɗigo waƙafi jiya? Wa ya kashe ajiyar da manhajar ke yi da kanta? Kafin ɗalibai su shigo ta mayar da komai mazauninsa. Shi ya sa suka laƙaba mata Anti Saiti, har malamai suka kama.

Shekara ashirin da biyu ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta yi ritaya. Mai raunin ido ta ƙara masa girman rubutu. Sabon shiga ta saita masa manhajar ta riƙa nuna cikakkiyar tambaya, ba guntun suna ba. Amma labarin da kowa ke bayarwa shi ne na wata ungozoma da ta dawo karatu da furfurarta.

Wata takwas matar nan ta yi tana tattara nauyin jarirai ɗari huɗu. Saura kwana biyu ta kare bincikenta, manhaja ta ce matsakaicin nauyinsu kilo arba'in ne. Malaminta ya ce aikin ya lalace, sai ta sake, wato sai baɗi. Ta shigo ɗakin ido jawur.

Anti ta leƙa allon. "Yaya, jarirai kika auna ko raguna?"

Ungozomar ta yi dariya cikin hawaye. "Wallahi da hannuna na auna su, ƙanwata."

"To wanda ba a samu an auna ba fa, me kika rubuta?"

"Tara uku a jere. Haka aka ce mu sa."

"Kin gaya wa manhajar cewa tara uku na nufin babu amsa?"

"Au, sai an gaya mata?"

"Ita ba ta taɓa riƙe jariri ba, Yaya. Ta ɗauka kilo ɗari tara da casa'in da tara ne."

Gurbi goma sha biyar ne kacal ke ɗauke da tara ukun. Anti ba ta taɓa linzamin kwamfutar ba, ta ja kujera ta ce, "Ke za ki danna." Matar ta danna, ta gaya wa manhajar tara uku babu amsa ne, ta sake lissafi. Kilo uku! Ta miƙe ta rangaɗa guɗa kamar a ɗakin haihuwa, ɗalibai suka ɗauki tafi. Ta kare bincikenta a ranar da aka sa, ta fita da sakamako mafi kyau a ajinsu. Yau ita ke saita wa abokan aikinta manhaja a asibitinsu.

Anti Saiti, ke ce mai gyara a ɓoye, a yabi wani a fili. Babu sunanki a bangon kundi ko ɗaya, amma ɗaruruwan kundaye da hannunki suka tsaya. Ba ki taɓa ce wa ɗalibi tambayarsa ta wauta ce ba.

Mun gode, Allah Ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma da kuka iya, in kun ga wani ya rikice gaban allo, kada ku ƙwace linzamin. Ku ja kujera ku zauna kusa da shi.