Kwana Uku da Magagari a Hannu

A shekarar da aka rage ma'aikata a ofishinmu, sunana na cikin waɗanda aka liƙa a bango. Na dawo gida unguwarmu ta Briqueterie da jakar hannu da takalmi mai sheƙi, ba abin da na iya sai Faransanci da buga tafireta. Abin da ya rage mini shi ne tsohuwar motar da na saya lokacin da abubuwa ke tafiya daidai. Na cire kujerar baya, na shiga yi wa mata 'yan kasuwa jigilar kaya daga kasuwar Mokolo: albasa, rogo, agada, wani lokaci har kaji. Da farko idan na hango tsohon abokin aiki sai in kau da kai. Daga baya na daina, don na ga wasunsu ma abin da suke yi ke nan.

Wata safiya ina hawan tudun Tsinga da buhunan albasa, sai injin ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa cokali a cikin gwangwani, ƙarfinsa ya ragu, ya mutu. Da taimakon masu wucewa muka gangaro da motar har wani gareji a bakin unguwa. Makaniken ya kwance gaban injin ya nuna mini. A kan bakin babban sandan da ke juya injin, wanda mu muke kira vilebrequin, 'yan Najeriya kuma su ce karanshaf, akwai wata 'yar tsaga da ake cusa ɗan guntun ƙarfe a ciki don ya riƙe fuli, faifan da bel ke zagayawa a kansa, da giya mai haƙora kada su zame. Kilabet ake ce wa guntun. Ya karye, gefen tsagar kuma ya cinye ya yi faɗi. Makaniken ya ce sai dai a sauke injin a sa wani sandan. A lokacin kayan gyara sun yi tashin da ko tambaya mutum ba ya yi.

Matata ce ta ce in je wajen Kawu, yayan mahaifiyata. Ya yi shekaru yana aikin ƙarfe a wani babban kamfani kafin shi ma a sallame shi, ya kafa rumfar walda a ƙofar gidansa yana gyaran ƙofofi da murhu. Gaskiya ban cika zuwa wurinsa ba sai da salla. Ina ganin ni ɗan boko ne, shi kuwa kullum hannunsa baƙi.

Muka turo motar har rumfarsa. Ya sa ɗan yatsa ya shafa tsagar, sannan ya tambayi wanda ya taɓa notin gaban da ke ɗaure fulin a baya-bayan nan. Na so in ɗora wa wani, amma na faɗi gaskiya: ni ne na kwance shi wata biyu da suka wuce, na canza bel da kaina don kada in je gareji, na ɗaure shi da ƙaramin sifanan da ke cikin mota. Bai yi faɗa ba. Ya ce notin bai ɗauru ba, fulin ya yi ta girgiza har ya ci gurbinsa.

"Zai gyaru," in ji shi. "Walda zan iya. Amma idona ya daina ganin ƙaramin abu, hannuna kuma yana rawa. Gogewar kai za ka yi."

Na ce, "Kawu, ban taɓa riƙe magagari ba."

"To yau za ka riƙe."

Ya sa na cire lagireto da kan batir. Ya yanko guntun jan ƙarfe, ya sa na goge shi har ya yi daidai da girman kilabet, ya zaunar da shi a tsagar. Ya bayyana mini cewa walda ba ta kama jan ƙarfe, don haka zai cike gefen da ya cinye, guntun kuma ya tsare masa siffar gurbin. Muka naɗe bayan sandan da jiƙaƙƙen tsumma saboda zafi. Yakan ɗiga walda sau ɗaya, ya ajiye, mu jira wurin ya huce. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, sai bayan la'asar ta dawo. A zaman jiran nan ya ba ni labarin mahaifiyata tana yarinya, yadda take bin sa maƙerar kakanmu tana zuga masa wuta, abin da ita ba ta taɓa faɗa mini ba.

Kashegari aikina ya fara. Waldar ta yi tudu a kan sandan, sai an goge ta har giyar ta shige ba tare da an buga ba, ba kuma tare da ta yi lilo ba. Kawu ya kunna fitilar aci-bal-bal, ya turara cikin giyar da hayaƙi. In tura ta, in zare, duk inda baƙi ya taɓa nan ne ya yi tsawo, in goge wurin kaɗan, in sake gwadawa. Ina tsugune a gaban mota, ruwan sama na zuba daga bakin kwano, jar laka har idon sawu. Tafin hannuna ya yi bororo. Sau ɗaya na yi gaggawa na zarce, sai da ya sake ɗiga walda muka koma baya. Ranar na kusa jefar da magagarin. Ya ce in je in ci abinci in dawo.

A rana ta uku, wajen hantsi, giyar ta shige da turin tafin hannu kawai. Kawu ya rufe ido, ya kama ta ya jijjiga, ba ta motsa ba. Muka sa sabon kilabet da ya yanka daga tsohon ƙarfe, muka daidaita alamomin taimin, wato na saitin juyawar injin, ya kawo dogon bututu ya zura wa sifana, muka ɗaure notin mu biyu har sai da motar ta ɗaga. Na murɗa makulli. Ta yi tari sau biyu ta tashi, muryarta a daidai. Maƙwabcinsa mai tsire ya miƙo mana tsinke biyu-biyu, ya ce na murna ne.

Washegari na koma Mokolo. Matan sun riga sun fara ba wani kayansu, amma biyu daga cikinsu suka dawo wurina, sauran suka biyo baya a hankali. Da na tashi daga jigila da azahar kuma sai in wuce rumfar Kawu, in kama masa abin da idonsa ba ya gani.

Bayan wata huɗu wata mata daga unguwar Ekoudou ta zo da sandan injin markaɗenta a ɗaure cikin zane, gurbin kilabet ɗinsa ya cinye. Kawu na fama da zazzaɓi, yana kwance a ciki. Na shiga na gaya masa. Ya tambaye ni faɗin tsagar, na faɗa, ya ce jan ƙarfen na cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin benci. Na fito na ce mata ta dawo jibi da safe.