Mangwaron Baba a Bakin Dam

Shekarar da ofishin Baba ya taso daga Legas zuwa Abuja, aka ba mu gida a Garki, ko'ina jar ƙasa da ƙarar katafila. Duk Asabar Baba yakan loda mu a mota zuwa wani tsohon dam a bayan Gwagwalada. Mukan yi ta wasa inda ruwan bai wuce gwiwa ba, Umma tana ƙwala mana kira, mata masu wanki suna mana dariya.

Abu ɗaya ke damun Baba: babu inuwa. Jingar ƙasar da ta tare ruwan ko bishiya ɗaya ba ta da ita. Ya ce wannan ai sakaci ne. Rannan sai ga shi da dashen mangwaro. Ya hau jingar, ya haƙa rami, ya dasa, yana share gumi yana murmushi.

Wata tsohuwa 'yar Gbagyi ta sauke itacen da ke kafaɗarta, ta hau jingar, ta tumɓuke dashen a gabansa.

"Oga, nan ba a shuka. Saiwa za ta huda ƙasa, ruwa ya bi ta, ya kwashe mana gonaki. Kowace damina mu ke cire duk bishiyar da ta tsiro."

Baba, mai ba da umarni a ofis, ya sosa ƙeya. "To Mama, ina zan sa?"

Ta kai shi can gefe, ta nuna masa wuri da ƙafa.

Bara na koma da 'ya'yana. Mun sha mangwaro a inuwarsa har muka ƙoshi. Jingar tana nan daram, ko bishiya ɗaya babu.