Katin Sin a Cikin Leda

Mahaifina ma'aikacin gidan waya ne a Damagaram, shi ke buga hatimi a kan wasiƙu. Na tashi da ƙarar nan a kunnena, dum a kan tawada, dum a kan takarda, kuma ina jin daga nan ciwon ya kama ni. Da na zo Paris na samu aikin tuƙa motar kai kayan lambu daga babbar kasuwar Rungis zuwa shaguna. 'Yan garinmu na ta zancen sayen fili a gida, ni kuwa ranar Asabar ina yawon kasuwar tsofaffin takardu, ina neman katin gidan waya na ƙasar Sin, irin na zamanin sarakunansu, mai hoton dodon nan da ya naɗe kamar maciji. Sun yi mini dariya har sun gaji. Ko harafi ɗaya na rubutun Sin ban iya karantawa ba. Hatimin nake so. Wani mutum ne a wani gari ya ɗaga hannu ya buga shi, shekara sama da ɗari, yadda babana yake yi.

A wajen baje kolin tambur, wato kan sarkin wasiƙa, na haɗu da wani tsoho Bature, mutumin Lyon. Kakansa mai sayen siliki ne, ya yi shekaru a ƙasar Sin, kuma katunan da ya riƙa aiko wa matarsa suna nan cikin wani babban kundi mai koren bango. Tsohon ya ga yadda na riƙe hantsakin ɗaukar kati, ya ce in na zo Lyon in biyo. Na ɗauka maganar baki ce, ashe da gaske yake.

Ba zan manta zuwana na uku ba. Muna zaune a ɗakinsa, kundin a buɗe a kan tebur, sai ya miƙe ya ce zai haɗa mana kafe. Ya tafi kicin ya bar ni da kundin, ni kaɗai. Wanda bai zauna a ƙasar nan da baƙar fata ba, ba zai san abin da na ji ba. Ni da mai gadi ke bina a baya in na shiga kanti! Na zauna ina jin ƙarar cokali daga kicin, na kasa ko juya shafi don daɗi. Daga ranar kullum haka yake yi, kuma daga ranar ya fara ce mini abokina.

Akwai kati ɗaya da ya dame shi. Hatiminsa ba zagaye ba ne, dogo ne mai kai, kamar allon karatu, kuma tawadar ta dushe, ba wanda ya iya gane garin da aka buga shi. A Paris akwai wani masani mai irin wannan hatimin, sai dai ya ce hoto ba zai yi ba, dole a ajiye katunan biyu gefe da gefe. Tsohon kuwa ƙafafunsa sun daina yarda da jirgin ƙasa. Wata Asabar ya zaro katin da hantsaki, ya sa cikin farar takarda, ya sa cikin ambulan, ya miƙo mini.

Na ce masa da Faransanci, "Mushe, wannan nauyi ya yi mini yawa."

Ya ce, "Abokina, tun da katin nan ya shigo gidanmu bai sake fita ba. Ka kai shi Asabar mai zuwa, ka dawo mini da shi ranar Lahadi."

Wallahi daga Lyon har Paris hannuna na kan ƙirjina. Ko bayi ban shiga ba a jirgin.

A lokacin Innata tana wurina a unguwar Goutte d'Or, ta zo ganin likitan ido. Ɗaki ɗaya ne da falo, ba wurin ɓoye komai. Na rasa inda zan ajiye ambulan ɗin. Na sa cikin littafi, na ciro. Na sa ƙarƙashin katifa, na ciro. Daga ƙarshe na sa shi cikin gwangwanin biskit da ke saman kabad, inda muke ajiye fasfo da takardun asibiti. Inna na kan darduma tana kallona.

Ta ce, "Kai kuwa lafiya kake zagaye kamar kaza mai neman wurin ƙwai?"

Na ce, "Inna, takardar nan ta fi fasfona muhimmanci. Amanar wani ce. Kada ruwa ya taɓa ta, kada turare ya taɓa ta, kada komai ya taɓa ta." Na maimaita mata ranar Litinin, na sake maimaitawa ranar Talata. Da bakina na jawo wa kaina.

Dole in faɗi wani abu game da Inna. Bayan rasuwar babana gara ta shiga akwatinsa ta cinye takardun aikinsa, Inna ta yi shekaru tana yawon ofisoshi kafin a yarda cewa ya taɓa aiki. Tun daga nan duk takardar da take da daraja sai ta kai an manne mata ita cikin leda, irin wadda ake gasawa da na'ura. Takardar haihuwata, katin rigakafinta, hoton babana, duk suna cikin leda suna sheƙi. Ba ita kaɗai ba, a garinmu haka ake nuna wa takarda ƙauna.

Ranar Laraba na dawo daga aiki da la'asar, na tarar da ita da fara'a.

Ta ce, "Na raba ka da damuwa. Na kai takardun likitana shagon ɗan Cadin nan na ƙasa, sai na haɗa da taka. Yanzu ko a ruwa ta faɗa ba abin da zai same ta."

Ta miƙo mini. Katin kakan tsohon ne, a cikin leda mai kauri, an ma yanke kusurwoyin ledar an zagaye su don kada su soki hannu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a ƙasa. Ina da saurin fushi, kowa ya sani, kuma na ji maganar ta taho har maƙogwarona. Na ɗaga kai na ga idonta guda a rufe da auduga, ɗayan yana jiran in yi godiya. Na haɗiye. Na ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna."

Fushin sai na kai wa mai shago. Na sauka na same shi yana sayar da katin waya, na ce, "Malam, kai ba ka da ido ne? Ba ka ga tsohon abu ba ne?" Ya ce ai don ya ga tsoho ne ma ya sa masa leda mafi kauri. Na ce ya cire. Ya juya katin ya ce, "Alhaji, zafi ne ya narkar da gam ya shiga cikin takardar. In na ja, fuskarta za ta biyo ledar." Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa.

Kwana uku ina aiki hankalina na kan katin. Na tsallake titin shagon da zan sauke tumatir har sau biyu. Tsohon ya kira ni ranar Juma'a, na zuba wa wayar ido har ta katse.

Asabar na je wurin masanin. Ya ɗauki katin da yatsu biyu, ya dube ni, ya ce, "Wa ya yi wannan aika-aika?" Ya ce ba wanda zai ƙara iya duba takardar ko tawadar ya shaida asalinta, kuma ba mai tara kati da zai sa ta a kundinsa. Duk da haka ya sa madubi ya gwada hatimin da nasa ta cikin ledar, ya rubuta mini sunan garin a 'yar takarda. Wani ƙaramin gari ne a bakin kogi.

Da safiyar Lahadi zan fita Inna ta ce, "Ka gaishe mini da Baturen. Ka ce masa ba sai ya gode ba."

Tafiyar awa biyu ce, amma na shirya ƙarya ta kai kala biyar. In ce an sace mini jaka a jirgin ƙarƙashin ƙasa. In ce masanin ya riƙe katin. In ce mai shago ne ya yi kuskure. Kowace na ɗauko sai in ga fuskar tsohon, in ajiye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in na faɗi gaskiya zai ɗauki uwata jahila, matar da ta yi shekaru tana faɗa da ofisoshi ita kaɗai. In kuma na ɓoye ta, ni ne sakaran da aka ba amana ya kai aka gasa. Na hau matakalar gidansa ban yanke shawara ba.

Ya buɗe ƙofa da murna. Kundin na kan tebur, a buɗe daidai shafin da gurbin katin yake, hantsaki a gefe. Na fara ba shi sunan garin. Ya karanta, ya ɗauko taswira, ya bi kogin da yatsa har ya same shi, ya yi dariya kamar yaro. Sannan ya ɗauki hantsaki ya miƙo hannu.

Na ajiye katin a kan tebur. Ledar ta yi ƙara da ta taɓa katako.

Na faɗa masa komai. Gara, takardun babana, gwangwanin biskit, da yadda na cika wa Inna kunne. Na ce laifina ne, ba nata ba. Ya ajiye hantsakin a hankali, tunda ba shi da sauran amfani, ya ɗauki katin da hannu, ya shafa ledar da babban yatsa daidai wurin rubutun kakansa. Ya gwada sa shi a gurbinsa, ledar ta yi faɗi, bai shiga ba.

Ya ce, "Mahaifiyarka ta yi abin da take ganin alheri ne. Kada ka yi mata faɗa."

Na ce ban yi ba, ta ma ce in gaishe shi.

Ya ce yana amsawa. Muryarsa ba fushi a ciki, har wani sanyi ya fara sauka a ƙirjina, na ce a raina ashe tsoron banza na kwana huɗu ina ji. Ya dafa tebur ya miƙe, ya ce bari ya haɗa mana kafe. Ya yi taku biyu zuwa ƙofa, sai ya tsaya. Ya dawo ya rufe kundin, ya sa shi a hammata, ya tafi da shi kicin.

Na zauna ni kaɗai gaban tebur, ina jin ƙarar cokali.