'Ya'yan Kwaɗin Ƙanwata da Wankin Injin Feshi

A daminar bara ina aji huɗu a sakandare, kuma a gidanmu babu wanda ya kai ni ƙiwa. In aka aike ni shagon bakin layi sai in ji kamar an ce in taka zuwa Damagum. Wannan halin ne ya sa na wanke injin feshi a inda bai kamata ba.

Muna da gonar wake a Danchuwa, gefenta akwai ɗan kududdufi. Ƙanwata, 'yar aji biyu a firamare, ta ɗebo 'ya'yan kwaɗi daga ciki, irin waɗanda ba su da komai sai kai da jela, ta zuba su a tsohon bahon Mama. An gaya mata za su fitar da ƙafa, ita kuma ta rantse sai ta gani da idonta. Wanda ya fi girman kai a cikinsu ta sa masa sunana, har Baba sai da ya yi dariya. Ni ke ɗebo musu ruwan kududdufin a jarka, domin ta ce ruwan famfo ba na gidansu ba ne.

Ranar da muka yi wa waken feshin maganin ƙwari, Baba ya miƙo mini injin ya ce in wanke shi can bayan gona, in zubar da ruwan a rami. Rana na neman soya ni, ramin kuma ya yi mini nisa kamar ƙarshen duniya. Sai na gangara kududdufi na wanke. Ruwan ya yi fari-fari, ya washe, na ce shi ke nan ya narke. Na zagaya ɗaya gefen na cika jarkar ƙanwata.

Washegari suna nan da ransu, hankalina ya kwanta. Bayan 'yan kwanaki suka rage iyo, wani farin abu kamar auduga ya fito musu a gindin jela. Ƙanwata ta rugo tana tsalle, wai Yaya in zo, ƙafa ta fara fitowa. Na leƙa, na ga ba ƙafa ba ce.

Na samu malaminmu na kimiyya na ce wani abokina ne ya yi kaza da kaza. Ya dube ni ya ce in gaya wa abokin nan nawa mai irin kaina cewa maganin bai kai ya kashe su nan take ba, amma ya karya garkuwar jikinsu. Farin abin nan cuta ce, dama tana cikin ruwa, a da suna iya ture ta, yanzu ba sa iyawa. Ya ce in gwada ruwan sama. Na tara na canza musu, amma kullum sai mun tsamo matattu.

Da na faɗa wa ƙanwata gaskiya ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi mini, ko na cikin kududdufin ma haka suke. Da Baba ya ji, bai dake ni ba. Ya kai ni bakin ruwan ya nuna mini sawun shanun da ke sha a wurin, ya juya ya bar ni tsaye.

Na gane cewa ruwa ya washe ba ya nufin guba ta tafi, kuma abin da bai mutu yau ba wataƙila an riga an raunana shi. 'Yan uwana da ake ba wankin injin feshi, ku daure ku taka zuwa ramin.

Takwarana ne ya fi daɗewa. Ya fitar da ƙafafun baya, ta gan su da idonta, sannan ya mutu. Bana ta sake ɗebo wasu, kuma da kanta take ɗaukar jarkar.