Muryata ce ta hana su zuwa

Jama'a, yau muryata ta ɓata mini aikin wata biyu.

Kun san ina koyar da kwamfuta a makarantar gwamnati nan Yelwa. Yau ce gasar kwamfuta ta makarantu. Ɗalibai huɗu na shirya, uku daga ƙetaren ruwa suke zuwa a kwale-kwale. Ƙarfe bakwai ina bakin ƙofa, mota na jira. Har tara ta yi, yarinya ɗaya kawai ta zo.

Na kira Saratu, gwanar cikinsu. Ta ce, "Malama, ai an ɗage."

Na ce, "In ji wa?"

Ta ce, "In ji ke."

Ta turo mini saƙon murya, na danna. Wallahi ni ce, ina cewa ruwa ya cika, an ɗage gasa, kada kowa ya hau jirgi. Ashe saƙon bara ne! Wani uba ya ci karo da shi a wayarsa, ya zaci sabo ne, ya watsa a guruf ɗin iyaye.

Na ce, "Saratu, ban koya muku bincika saƙo kafin ku yarda ba?"

Ta ce, "Mun bincika, Malama. Sau uku muka saurara. Har Inna ta ce muryarki ce."

Aka yi gasa ba mu.

Yanzu shugabar makaranta ta ce in tura wa iyaye saƙon murya in yi bayani. Na ce, "Hajiya, ki rufa mini asiri. So kike wannan ma ya dawo mini baɗi?"